Rabin Kan Sarki

Shafi na 16

Masu turo min saƙo kullum cewa na cika jinkiri, duk na gani, ku yi haƙuri da ni. Hannuna ba ya sauri, kuma ba na son in kawo muku abu ɗanye. Ga na yau.

Ƙarfe goma na safe ta ɗan gota. Ruwan da aka tashi da shi ya tsagaita, sai yayyafi da ke sauka a kan kwanon shaguna kamar ana watsa wa kaji tsaki. Tela ya ja ƙofar shagonsa ya datse, ya rungume wata leda a ƙirji, ya bi bayan ƙaninsa Auta, wanda ke gaba riƙe da lema yana tsallake taɓo da takalminsa mai sheƙi.

Ko tayin lemar bai yi masa ba. Tela ya lura, ya ajiye a ransa, kusa da sauran abubuwan da ya daɗe yana ajiyewa.

Sati uku ke nan da Baba ya raba musu kayansa. Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shekara talatin da biyar yana buga hatimi a kan wasiƙun mutane, kuma tun yana saurayi yake tara kan sarki. Da idanunsa suka dushe har ya daina bambanta ja da kore, sai ya ce gara ya raba da hannunsa tun yana da rai. Auta, malamin makaranta, wanda ya saba zama gefensa yana riƙe masa madubin ƙara girma, shi ya samu babban littafin nan mai koren bango, shafi bayan shafi cike da tsuntsaye da jiragen ruwa da furanni. Tela kuwa, babban ɗa, gwangwanin biskit mai tsatsa aka miƙa masa. Tsofaffin ambulan ne a ciki, sun yi ja don tsufa, kuma kan sarkin da ke jikin kowanne rabi ne. Rabi! An yanke shi daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar ƙyallen da ya rage a ƙarƙashin keke.

Jiya Baba ya ce musu, "Ku je wurin Mai Agogo ya duba muku, kowa ya san abin da ke hannunsa. In kun dawo, kai babba, ka zo min da gwangwanin nan. Ina so in ƙara taɓa su."

Abu biyu ne a ledar Tela: gwangwanin, da wani littafi da shi ma ya haɗa da hannunsa, wanda ban da matarsa ba wanda ya gani. Kwana huɗu ya yi a kansa, ya ture ɗinkin mutane gefe. Yau za a san ba Auta kaɗai Baba ya haifa ba.

Shagon Mai Agogo ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai sayar da fitilu da mai gyaran takalma. Agogunan bango sun kai ashirin, kowanne da lokacin da ya ga dama. Tare suka yi aikin gidan waya da Baba. Da ya yi ritaya ya koma gyaran agogo, amma duk mai tsohon kan sarki shi yake nema.

"A'a! 'Ya'yan abokina ne cikin ruwa? Malam, shigo. Tela, kai ma shigo, ka jiƙe kamar kazar da ta faɗa randa. Ba ku da lema ne?"

"Akwai, Kawu," in ji Tela. "Ta mutum ɗaya ce."

Auta ya yi kamar bai ji ba. Ya goge hannunsa da hankici, ya shimfiɗa koren littafin a kan gilashin kanta, sannan ya zaro ɗan hantsaki daga aljihun rigarsa ya ajiye a gefe. Wai har da kayan aikinsa ya zo. Tela ya haɗiye tsakin da ya taso masa.

Mai Agogo ya kunna fitilar tebur, ya maƙala madubinsa a ido ɗaya, ya fara buɗe shafuka a hankali. Ba ya taɓa komai da yatsa. Da hantsaki yake ɗago kan sarki, ya juya bayansa, ya ɗaga shi a haske, ya mayar.

"Kawu, duba wannan mai jirgin ruwan," in ji Auta. "Haƙoransa cikakku ne. Kuma in ka haska shi akwai alama a cikin takardar."

"Na gani, na gani. Ubanka ya koya maka da kyau."

Ubanka ya koya maka. Maganar ta shiga Tela kamar allura ta kuskure yadi ta sami yatsa.

"Haƙora kuma?" ya ce, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kan sarkin ma cizo yake yi?"

"Yana cizon aljihu, ɗana," in ji tsohon. Ya nuna masa da bakin hantsaki. "Ka ga 'yan tsinin nan na gefe? Su ne haƙora. Mai saye da su yake fara gaisawa. Ko ɗaya ya gutsure, daraja ta ragu."

Wani abu ya ɗan motsa a cikin Tela. Ya gyara riƙon ledarsa, ya danne.

An kai rabin awa ana buɗe shafi. Mai Agogo kan tsaya wani lokacin, ya jawo wani ƙaton kundi da bangonsa ya ɓalle, ya bi hotuna da yatsa har ya sami irin wanda ke gabansa, ya karanta abin da ke ƙasa, ya ce "uhm", ya ci gaba. A ƙarshe ya rufe littafin, ya ɗan daddaɓa bangon.

"Malam, in faɗa maka gaskiya?"

"Don ita muka zo, Kawu."

"Littafi ne mai kyau. Tsab, ba danshi, ba ƙwaro. Amma kyau daban, tsada daban. Tsuntsayen nan dubu-dubai aka buga su. Duk wanda ya taɓa tara kan sarki a yarintarsa yana da wannan akun. Abin da ke da tsada shi ne wanda aka buga kaɗan, kaɗan ɗin ma ya ɓace, sannan ya iso hannunka lafiya. Akwai uku ko huɗu a nan da zan iya samo maka mai so. Duka-duka, in an yi sa'a, ka sayi keken hawa. Na hannu fa."

Daɗi ya ratsa Tela tun daga wuya har ɗan yatsan ƙafa. Keken hawa na hannu! Shekara da shekaru ana hana shi numfashi kusa da littafin nan, ashe keke ne mai ƙararrawa. Ya saci kallon Auta don ya ga yadda fuskar malamai take in ta zube.

Ko gezau. Auta ya gyaɗa kai kawai, kamar an gaya masa yau Asabar.

"To babban ɗa," in ji Mai Agogo, yana murza hannu, idonsa har wani haske yake yi. "Kawo gwangwanin. Tun da kuka shigo shi nake jira. Rabona da ganin su an fi shekara ashirin."

"Kawu, fara duba wannan tukuna."

Tela ya zaro littafinsa. Bangon kwali ne da ya lulluɓe da shuɗin yadi, ya bi gefensa da ɗinki biyu, ya sa masa har da ɗan maɓalli.

"Kai! Wannan aiki ya fita," in ji tsohon. "Hannu dai akwai shi."

Ya ɓalle maɓallin. Ya buɗe.

Agoguna ashirin suka ci gaba da bugawa, kowanne da nasa. Ban da su ba abin da ke motsi a shagon.

A tsakiyar farin shafi kan sarki biyar ne a jere, jajaye, a miƙe sumul. Kowanne rabi biyu ne aka haɗa, an daidaita baki da baki yadda sai ka ƙura ido za ka ga layin. Gefensu santsi kamar bakin hankici. A ƙasa akwai rabi ɗaya shi kaɗai, wanda bai sami abokin haɗi ba.

"Mene ne wannan?" Muryar Mai Agogo ta yi ƙasa.

"Gyara na yi musu, Kawu."

"Gyara."

"E. Ai a yage Baba ya ba ni su. Sai na zuba ruwan ɗumi a roba, na tsoma bakin ambulan ɗin, suka saki da kansu. Na shanya su a kan jarida, na bi su da dutsen guga, ba zafi sosai ba. Sannan na haɗa kowane rabi da ɗan'uwansa, na sa gam."

"Haƙoran fa?"

Tela ya sosa ƙeya.

"Na ga bakin ya yi zako-zako ne. Ni kuma ba na iya barin baki haka. Sai na ɗan bi shi da almakashi."

Mai Agogo ya cire madubin daga idonsa. Ya laluba kujera a bayansa ya zauna, kamar wanda aka kawo wa labarin rasuwa.

"Inna lillahi. Ɗana, ubanka bai gaya maka komai ba da ya ba ka?"

"Cewa ya yi, wannan naka ne, kai ya dace da shi. Na ɗauka..." Abin da ya ɗauka ba ya faɗuwa a gaban Auta: cewa Baba ya auna shi ne, ya ga rabin mutum, ya ba shi rabin kaya.

"Zauna," in ji tsohon.

"A tsaye ma ina ji."

"To ji. Aikin ubanka na farko ba a cikin gari ya yi shi ba. Wani sansanin masu gina gada aka tura shi, ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, shi kaɗai. Sai aka yi wata damina da ruwa ya cinye hanya, wata biyu mota ba ta shiga. Wasiƙa a kwalekwale take fita. Ƙaramin kan sarki ya ƙare masa ƙaf, sai babba mai ninkin kuɗinsa. Ya buga waya babban ofis, aka ce ya raba babban kan sarkin gida biyu, kowane rabi ya tsaya a matsayin ƙarami, har hanya ta buɗe. Shi ya yanka su, da hannunsa. Da aka gama gada aka rufe ofishin, aka karɓe hatimin, shi ke nan."

"To ai ga su nan, Kawu. Su ne dai."

"Ba su ba ne. Duk mai almakashi zai iya raba kan sarki biyu, kai shaida ne. Abin da ba a iya ƙirƙira shi ne hatimin ofishin nan, da ya hau kan rabin, ya gangaro ya sauka a jikin ambulan, da ranar a rubuce. Ambulan ɗin shi ne shaida. In ka raba su, ka raba mai ƙara da shaidunsa."

Tela ya dafa kantar. Ya tambaya, duk da bai so ya sani ba.

"Da ban taɓa ba... nawa za su yi?"

"Guda ɗaya lafiyayye zai saya maka keken ɗinki mai amfani da wuta, sabo fil. Masu neman irin su ba sa taya kaya, roƙo suke yi."

"Yanzu fa?"

"Yanzu takarda ce mai kala."

Mai gyaran takalma na maƙwabta yana ta buga ƙusa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Tela ya ji kamar a tsakiyar kansa ake bugawa.

"Ba ka zubar da ambulan ɗin ba dai?"

"Matata ta hana. Ta ce takardun Baba ne."

"Allah ya yi mata albarka, ta fi ka hankali. Buɗe mu gani."

Tela ya ɓamɓare murfin da ƙyar. Ambulan ɗin sun kwanta a ciki, sun yi cukui-cukui, kusurwar kowanne ta kumbura, tawadar hatimin ta narke ta zama shuɗin tabo, ga farin wuri mai kusurwa uku inda kan sarkin yake a da. Wasiƙun ciki ne kaɗai suka tsira, don ya zare su kafin ya tsoma, ya mayar bayan sun bushe. Mai Agogo ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin hantsaki.

"Sha ɗaya. Ai sha biyu ne."

"Sha ɗaya na tarar. Shi ya sa rabi ɗaya ya rasa abokinsa."

"Sha biyu ne, ni na sani." Tsohon ya dafa goshi, sai fuskarsa ta ɗan washe. Ya juya wurin Auta. "Af! Tsufa. Ai na sha biyun shi ne wanda ka kawo min wancan watan, Malam. To alhamdu lillahi, ɗaya ya tsira. Ka tuna na ce maka ko yawu kada ya taɓa shi, kuma kada a kuskura a raba shi da..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi Auta, ya dubi Tela, ya ga abin da bakinsa ya yi.

Auta ya zuba wa agogon da ke bango ido, kamar yau ya fara ganin agogo.

"Wancan watan," in ji Tela a hankali. "Wancan watan Baba bai raba kaya ba tukuna."

Auta bai sauke ido daga agogon ba.

"Auta, da kai nake."

"'Ya'yana," in ji Mai Agogo yana miƙewa, "ba a shagona ba. Gilashi ya yi yawa a nan."

Suka fito. Yayyafin ya ƙara ƙarfi. Suka tsaya ƙarƙashin rumfar mai fitilu, kwararo yana zuba a tsakaninsu da titi. Tela mutum ne mai sanyi, ko mai kayan da ya zage shi a kan ɗinki ba ya ɗaga wa murya. Yanzun ma bai ɗaga ba.

"Ranar Talata ka zo shagona."

"Na zo."

"Ka kawo wando in rage maka ƙafa."

"Haka ne."

"Robar ruwan tana kan benci. Biyu kawai na tsoma a lokacin. Saura tara suna cikin gwangwani, lafiyarsu lau."

Auta ya ƙura wa kwararon ido.

"Ka tsaya a kai. Ka leƙa ciki. Na ma ɗauka burge ka na yi. Me ka ce min?"

"Yaya..."

"Me ka ce min?"

"Na ce sannu da aiki."

"Sannu da aiki." Tela ya gyaɗa kai. "Na ce yawwa. Na rage maka wandon, ban karɓi ko sisi ba, har na goge maka shi."

"Da na yi magana za ka ji? Yaushe ka taɓa jin maganata? Da cewa za ka yi ƙyashi nake yi, ɗan boko ya zo koya maka aikinka."

"Da ka gwada."

"Ban so in gwada ba!"

Muryar Auta ta fashe har mai fitilu ya leƙo ya koma.

"E, ban so ba. Ka ji daɗi? Na fita daga shagonka na kai bakin titi, na tsaya, na ce in koma. Ban koma ba. Shekara goma sha ɗaya, Yaya. Kullum na tashi daga makaranta ina ɗakin Baba. Ni ke goge masa littafi, ni ke shanya shi in damina ta wuce, ni ke kai shi asibitin ido. Kai sai ranar hutu ka leƙo da lemo a leda, ka ce Baba ya jiki, ka tafi. Da aka zo rabo, ni aka ba tsuntsaye. Kai aka ba zuciyarsa a gwangwani."

"Zuciyarsa? Tsatsa aka ba ni!"

"Ka karanta wasiƙun?"

Tela ya kau da kai.

"Ka karanta su?"

"Ka san rubutun haɗe-haɗen nan ba ya shiga idona. Wa zan kai wa ya karanta min? Kai?"

Auta ya dube shi. Da ya sake magana muryar ta sauka.

"Inna ya rubuta wa. Marigayiya tana da cikinka lokacin, ruwa ya tare shi a can. Kowace wasiƙa kai ne a ciki. Yaya cikin, yana motsi, kada ki ɗauki tulu. In namiji ne ga abin da nake so ya zama. Ta ƙarshen cewa ya yi, an ce ya iso, ki gaya masa ubansa na tafe da ruwa ya janye, ko da ƙafa ne. Tun da idonsa ya tafi ni ke karanta masa su. Na haddace su kamar karatun jarrabawa. Sha biyu, Yaya. Ko a gefen takarda babu ni."

"Kai sakarai ne? Ba a haife ka ba a lokacin!"

"Na sani! Ka ɗauka sanin yana hana ciwo?"

Da wani lokaci ne da Tela ya yi dariya. Yau bai yi ba. Ya dubi gwangwanin da ke hannunsa kamar ba shi ya ɗauko shi ba.

"Ina ɗan shekara goma," ya ce, "na taɓa koren littafin nan da hannu mai maiƙo. Sau ɗaya. Ya buge min hannu, ya ce in fita. Daga ranar bai ƙara kirana ɗakin ba. Da ka taso, kai aka saya wa madubi. Ina tsakar gida ina jin ku kuna dariya. Ka san sau nawa na zo bakin ƙofar nan na juya?"

"Ai ba a rufe take ba."

"A wurinka."

Mota ta wuce ta watsa ruwa, ya taɓa takalmin Auta mai sheƙi. Bai ko duba ba.

"Ba ni ambulan ɗin," in ji Tela.

"A'a."

"Nawa ne."

"Ka samu sha ɗaya, ka ga abin da ka yi da su. Wannan ni na tsirar da shi."

"Sata ka yi."

"Kira shi yadda ka so."

"Zan gaya wa Baba."

"Gaya masa. Ni kuma in gaya masa yadda dutsen guga ya bi ta kan hatiminsa."

Suka tsaya suna kallon juna, hanci iri ɗaya, goshi iri ɗaya, na Baba. Daga nan Tela ya cusa gwangwanin a leda, ya shiga ruwa. Shuɗin littafin a kan kantar Mai Agogo ya baro shi, bai ma tuna ba.

Tafiyar ba ta da nisa, amma Tela ya so a ce ta fi haka. Yana tafe yana ɗinka magana yana warwarewa. Ya ce Mai Agogo ya riƙe gwangwanin zai ƙara bincike? Baba zai aika a tambaya. Ya ce ya manta shi a shago? Za a ce ya koma ya ɗauko. Ba keken ɗinkin ne ke cin ransa ba, ko kaɗan. Sau ɗaya tak Baba ya miƙa masa abu ya ce kai ka dace da shi. Sau ɗaya a shekara arba'in. Yana jin takun Auta a bayansa, bai waiwaya ba.

Baba yana zaune a ɗakinsa kusa da taga, bargo a gwiwa, rediyo tana magana ƙasa-ƙasa a gefen gado. Kafin su yi sallama ya kashe ta.

"Mai jan ƙafa da mai ƙwas-ƙwas," ya ce. "Ku shigo. Kun sha ruwa?"

"Kaɗan ne, Baba," in ji Auta.

Suka durƙusa suka gaishe shi. Tela ya zauna a bakin tabarma, rigarsa tana ɗiga.

"To, me tsohon ɓarawon nan ya ce?"

"Ya ce... yana gaishe ka," in ji Tela.

Baba ya yi dariya har da tari. "Shi ke nan? Bai faɗi a ƙasa ba? Shekara nawa yana bina in sayar masa ko ɗaya. Na ce masa suna da mai su." Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashin Tela, idanun nan farare suna kallon ɗan gefe kaɗan. "Yanzu ka gane, ko? Na san ranka ya ɓaci ran nan. Na ji a yadda ka ajiye ƙafa da za ka fita. Na ce bari ya ji daga bakin wani, in ni na faɗa zai ce lallashi ne."

Tela ya ƙara rungume ledarsa.

Baba ya miƙo hannu biyu, tafin a sama.

"Kawo su."

Tela ya zaro gwangwanin. Ya sa farce a ƙarƙashin murfin, yatsunsa suka zame. Ya sake, suka sake zamewa. Hannun da ke zura zare a allura ba tare da ya duba ba, yau ya kasa buɗe gwangwanin biskit.

"Baba," ya fara, "akwai abin da..."

"Kawo, Yaya. Murfin ya yi tsatsa."

Auta ya zare gwangwanin daga hannunsa. Ya danna gefe da babban yatsa, murfin ya ɓalle. Sai ya buɗe koren littafinsa ta baya, ya zura yatsu biyu a cikin aljihun bangon, ya jawo wani ambulan. A miƙe yake, ja don tsufa, jan rabin kan sarki a kusurwa, baƙin hatimi ya hau kansa ya sauka a takarda, raɗau kamar jiya aka buga. Ya ɗan riƙe shi, daidai numfashi ɗaya. Ya kwantar da shi a saman sauran, ya mayar wa Tela gwangwanin bai dube shi ba, ya koma jikin bango ya zauna.

Tela ya matsa kusa. Ya ɗora gwangwanin a tafin Baba.

Yatsun tsohon suka shiga, suka ɗauko na saman. Ya shafa shi daga gefe zuwa gefe, babban yatsansa ya sami kusurwar, ya bi haƙoran ɗaya-ɗaya, ya gangara ta kan yankan. Fuskarsa ta saki.

"Wannan ta ƙarshe ce," ya ce. "Ranar hannuna rawa yake yi, yankan ya ɗan karkace. Wa ya sa ta a sama? Ai wurinta ƙasa."

Ya kwantar da ita a kan gwiwarsa, ya daddaɓa ta.

"To. Bari in ji sauran."

Ya mayar da hannu cikin gwangwanin.